Mahamri na Yis ko Mandazi na Bekin Foda: Wanne Ya Fi Dacewa da Gidanki?

A garuruwan da ke bakin tekun Indiya a gabashin Afirka, tun daga Lamu da Malindi da Mombasa a ƙasar Kenya har zuwa Tanga da Darussalam da tsibirin Zanzibar a Tanzaniya, da wuya a sauke butar shayin safe ba tare da farantin soyayyen abin fulawa a gefenta ba, kuma mafi yawan lokaci abin da ke cikin farantin ba ya wuce mandazi ko mahamri. Wanda ya hango su daga nesa zai ɗauka abu guda ne, domin dukansu ana yawan yanka su da kusurwa uku, dukansu suna fitowa daga mai da launin ja mai haske, kuma babu wanda ya cika zaƙi a cikinsu. Sai an gutsura sannan ake gane cewa aiki biyu ne daban. Mahamri cikinsa kogo ne, fatarsa siririya ce, yana tashin ƙamshin kwakwa da kadamon, wani kayan ƙamshi mai ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a cikin ɓawo. Mandazi kuwa, irin wanda ya fi yawa a shagunan shayi na Nairobi da Kampala, cikinsa a cike yake, ya fi nauyi a hannu, kuma a baki ya fi kusa da kek. Uwargidan da take son gwada ɗaya daga cikinsu tana bukatar ta san abin da kowanne zai ci mata na lokaci da kuɗi da ƙarfi, da kuma abin da zai ba ta idan ta tsame shi daga mai.

Akwai ruɗani a kan sunayen da ya kamata a kawar tun farko. A Tanzaniya, da ma gidaje da yawa na Kenya, wanda aka yi da yis da madarar kwakwa shi ma mandazi ake ce masa, saboda haka wadda ta nemi yadda ake yi a intanet za ta tarar da hanyoyi masu karo da juna a ƙarƙashin suna ɗaya. A nan, duk inda aka ce mahamri ana nufin na mutanen bakin teku, wanda yis ke tayar da shi kuma ake kwaɓa shi da madarar kwakwa. Duk inda aka ce mandazi kuma ana nufin na gaggawa, wanda ake yi da bekin foda da madarar shanu, sau da yawa har da ƙwai da bota.

Kayan haɗin mahamri ba da ka suka taru wuri guda ba. Shekaru aru-aru jiragen ruwan fatake suna bin iskar teku tsakanin Indiya da Oman da Yaman da gaɓar Afirka, suna sauke kayan ƙamshi tare da al'adun girki, kuma wannan cuɗanya ta ƙara ƙarfi bayan da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mai da fadarsa Zanzibar a wajajen 1840. Kwakwa a bayan gidajen Waswahili, wato mutanen bakin tekun, take fitowa, kadamon kuma, wanda suke kira iliki, ana noma shi a duwatsun Usambara da ke yankin Tanga. Mutanen cikin ƙasa, waɗanda suke nesa da teku, inda kwakwa ke tsada amma nonon shanu ke samuwa, sun fi karkata ga abin da ke hannunsu. Halin da muke ciki a arewacin Najeriya da kudancin Nijar ya fi kama da na waɗannan mutanen, tunda mu ma daga kudu ake kawo mana kwakwa, kadamon kuma daga waje yake shigowa, yana cikin kayan ƙamshi mafi tsada a duniya. Don haka maganar kuɗi da samuwar kaya tana cikin abin da zai raba gardama, ba daɗin baki kawai ba.

Ga abin da mahamri ke bukata idan za a yi na iyali matsakaici: fulawa giram 500, wato kimanin kofi huɗu, da sukari giram 80 zuwa 100, da busasshen yis giram 7, wato kimanin ƙaramin cokali biyu, da dakakken kadamon ƙaramin cokali ɗaya, da mai babban cokali ɗaya, da ɗan gishiri, sai madarar kwakwa mililita 250 zuwa 300. Ana haɗa busassun kayan wuri guda, a riƙa zuba madarar kwakwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan ana kwaɓawa, sannan a juye a kan faranti ko tebur a yi ta murzawa da tafin hannu na minti goma ko fiye, har kwaɓin ya yi sumul, ya yi danƙo, ya daina manne wa yatsu. Dalilin da ya sa ba a zuba madarar gaba ɗaya shi ne fulawa tana bambanta wajen shan ruwa, kuma kwaɓin mahamri ba irin na fanke ba ne da ake ɗiba da hannu a jefa cikin mai. Wannan kwaɓi ne da za a mulmula, a murza, a yanka da wuƙa, amma duk da haka ana son sa da laushi, ta yadda idan aka danna shi da yatsa zai lotsa cikin sauƙi ya dawo a hankali.

Madarar kwakwa ita ce inda aikin yake, kuma ita ce inda masu farawa suka fi tuntuɓe. Ba ruwan da ke cikin kwakwa ake nufi ba, wanda yara ke rige-rigen sha idan an fasa. Farin naman kwakwar ake gogawa, a jiƙa da ruwan ɗumi, a matse. Matan bakin teku suna da wata 'yar kujera ta katako mai ƙarfe mai haƙora a gaba, suna kiranta mbuzi. Mace za ta zauna a kai, ta kama rabin kwakwa da hannu biyu tana kankarawa a kan haƙoran, farin yana zuba cikin kwano, sannan ta zuba shi a cikin wani dogon mataci da aka saƙa da kaba mai suna kifumbu, ta murɗa ta matse. Matsar farko mai kauri ce, ta biyu kuma, bayan an ƙara ruwa, tsinkakkiya ce. A kicin ɗinmu hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ɓamɓare naman daga ƙoƙon, a kankare baƙin bayansa, a yanka ƙanana, a markaɗa a blenda da ruwan ɗumi kimanin kofi ɗaya da rabi, sannan a tace da ƙyalle mai tsabta ana matsewa da ƙarfi. Babbar kwakwa ɗaya ta ishi fulawa giram 500, tukar da ta rage kuma ba a zubarwa, tana shiga kwakumeti ko biskit. Wajen saye, a girgiza kwakwar a kusa da kunne. Wadda ba a jin motsin ruwa a cikinta, ko wadda idanunta suka yi damshi da fumfuna, a bar wa mai ita, domin kwakwa guda mai wari ta isa ta lalata kwaɓi gaba ɗaya.

Wadda ba ta son wannan wahala tana iya sayen ta gwangwani, wadda yawanci take zuwa mililita 400. Ta fi ta gida kauri, saboda haka a kan sirka ta da ɗan ruwan ɗumi, kuma lokacin sanyi man cikinta yakan daskare a sama, sai an ɗumama an juya kafin a zuba. Akwai kuma ta gari da ake damawa da ruwa. Duka biyun suna aiki, amma a ganina ƙamshinsu bai kai na wadda aka matse a ranar ba, kuma tunda ƙamshin kwakwa shi ne rabin dalilin yin mahamri, wadda za ta yi shi karon farko gara ta yi da ɗanyar kwakwa don ta san ainihin abin da ake nema.

Sai batun yis, wanda mai yin waina da fanke da alkubus ta riga ta san halinsa. Yis abu ne mai rai, yana cin sukarin da ke cikin kwaɓi yana fitar da iska, iskar ce ke kumbura shi. Yana son ɗumi, amma zafin da ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana kashe shi, shi ya sa madarar da za a kwaɓa da ita kada ta wuce ɗumin da yatsa zai iya zama a ciki babu damuwa. Idan ana shakkar yis ɗin ya daɗe a buɗe, a zuba kaɗan a ruwan ɗumi da sukari; idan bai yi kumfa ba cikin minti goma, ya mutu. Yanayin garinmu yana da nasa tasiri sosai a nan. A bazara, kwaɓin da aka rufe zai iya ninka kansa cikin minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya, kuma idan aka manta da shi zai wuce gona da iri, ya yi tsami, ya saki, ya riƙa shan mai. A hunturu kuma yana iya cin awa biyu ko fiye, ga busasshiyar iska da ke sa samansa ya yi ɓawo ya tsattsage. Maganin wannan shi ne a shafa wa kwaɓin ɗan mai, a rufe robar da leda ko murfi mai kamawa, a ajiye kusa da murhu ko a rana. Mombasa da Zanzibar garuruwa ne masu damshi duk shekara, saboda haka hanyoyin da mutanensu ke koyarwa ba sa ambaton wannan matsala, amma mai girki a Kano ko Damagaram a watan Janairu dole ta kula da ita.

Idan kwaɓin ya tashi, sai a raba shi gida biyar ko shida, a mulmula, a murza kowanne ya yi faɗi kamar ƙaramin faifai, kaurinsa bai wuce rabin santimita ba, sannan a yanka shi gida huɗu da wuƙa mai kaifi. A jera su a kan tire da aka barbaɗa wa fulawa, a rufe da ƙyalle, a bar su su huta na minti goma sha biyar zuwa ashirin. Wajen suya ne kogon yake samuwa ko ya ƙi samuwa. Man ya zama mai yawa, ya kuma yi zafi sosai, wajen digiri 175 zuwa 180. In babu ma'auni, a jefa ɗan guntun kwaɓi, idan ya nutse ya taso nan da nan da kumfa a gefensa, man ya yi. Da an saka mahamri zai nutse, sai ya taso, a nan ne za a riƙa ɗibar mai mai zafi da matsami ana watsa masa a kai. Zafin yana rufe fatar sama da ta ƙasa cikin sauri, damshin da ke ciki ya zama tururi, ya rasa mafita, sai ya raba kwaɓin biyu ya busa shi. Cikin daƙiƙu kaɗan za a ga abin da ya shiga a shafe ya kumbura ya yi tulu-tulu, sai a juya sau ɗaya, ɗaya gefen ma ya yi ja, a tsame a gwagwa. Idan aka murza shi da kauri, ko man bai yi zafi ba, ko aka cika kaskon da yawa har zafin ya faɗi, abin da zai fito burodi ne soyayye mai cike da mai, ba mahamri ba.

Mandazi bai da wannan dogon labari. Fulawa giram 500, da bekin foda babban cokali ɗaya, da sukari giram 100 ko ɗan fiye, da bota giram 50, da ƙwai ɗaya, da ɗan gishiri, da madara kimanin mililita 200, da abin ƙamshin da ake so: kadamon, ko kirfa, ko gogaggen ɓawon lemon tsami. A tankaɗe fulawa tare da bekin foda don ya bi ko'ina, a murtsuke bota a ciki da yatsu har ta ɓace, a zuba ƙwai da madara, a haɗa. Babban bambancin aikin hannu shi ne a nan ba a son yawan murza. Kwaɓin yis yana ƙara kyau idan aka wahalar da shi, amma na bekin foda da zarar ya haɗe jikinsa ya yi santsi, to a bar shi, domin yawan murza yana tayar da danƙon fulawa, mandazin ya fito da tauri yana ja a haƙori. A rufe shi ya huta na minti ashirin zuwa talatin, ba don ya tashi ba, sai don ya saki jiki ya yi sauƙin murzawa. Sannan a murza shi da kaurin kimanin santimita ɗaya, a yanka da kusurwa uku ko huɗu.

Sauƙinsa bai hana shi samun nasa tarko ba. Tunda yana da kauri, kuma sukarinsa da madararsa suna sa shi saurin yin ja, man da ya dace da mahamri ya yi masa zafi da yawa: bayansa zai ƙone alhali cikinsa ɗanye ne. A rage wuta zuwa matsakaiciya, wajen digiri 165 zuwa 170, a ba kowane gefe minti biyu ko uku, kuma a ɓare na farko a duba cikinsa kafin a ci gaba. Tarko na biyu shi ne ƙara bekin foda da nufin ya fi kumbura. Abin da hakan ke jawowa shi ne ɗaci da wani ɗanɗano mai kama harshe, ga kuma shan mai. Na uku shi ne tsohon bekin foda da ya sha iska, wanda damina ta fi lalatawa; a gwada shi da zuba rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi, mai kyau zai yi kumfa nan take. Kada kuma a musanya shi da soda ko kanwa, ba aikinsu ɗaya ba.

Idan aka zo kan lokaci, babu gardama, mandazi ne a gaba. Daga tankaɗe fulawa zuwa tsame na ƙarshe bai wuce awa ɗaya ba, alhali mahamri, idan aka haɗa da fasa kwakwa da tashi biyu, yakan ci awa biyu da rabi zuwa uku. Sai dai mafi yawan wannan lokacin jira ne ba aiki ba, kuma ana iya karkasa shi. Wadda take da firiji da wuta tsayayyiya tana iya kwaɓawa da dare ta saka a ciki, da asuba ta fito da shi ya sha iska, ta murza ta soya, kuma kwaɓin da ya kwana a sanyi yakan fi daɗi. Wadda wutarta ba ta da tabbas kuwa, kada ta bar kwaɓin madarar kwakwa ya kwana a waje lokacin zafi, zai yi tsami kafin gari ya waye. Ga baƙon da ya yi sallama ba zato, ko yaran da za a sallama makaranta kafin ƙarfe bakwai da rabi, mandazi ne kawai zai iya fitar da uwargida kunya.

Kan kuɗi kuwa, lissafin bai kai yadda ake zato ba. Mutane suna jin an ce kwakwa da kadamon sai su ɗauka mahamri ne mai tsada, amma shi ba ya cin ƙwai, ba ya cin bota, ba ya cin madarar gwangwani ko ta gari, waɗanda su ne ke ɗaga kuɗin mandazi. Bugu da ƙari, saboda ana murza shi siriri, fulawa giram 500 tana ba da guda ashirin zuwa ashirin da huɗu masu cika ido, yayin da mandazi daga wannan awo yakan fito ƙasa da haka in dai girmansu ɗaya. Kadamon ɗin ma ƙaramin cokali ɗaya ne, kuma wadda ta sayi 'ya'yansa da ɓawonsu, ta ɓare ta daka baƙaƙen ƙwayoyin a lokacin da za ta yi amfani da su, za ta ga ɗan kaɗan ya ishe ta, domin garin da aka daɗe da niƙawa ya riga ya zubar da rabin ƙamshinsa. Inda mandazi ya fi arha shi ne idan an rage masa gata, wato aka yi shi da ruwa maimakon madara kuma babu ƙwai, kamar yadda masu sayarwa da yawa ke yi, amma wannan yana bushewa da wuri.

Abin da za a ci da shi ma yana da muhimmanci, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa ba sa yi wa mahamri adalci. Ba don a ci shi gaya aka yi shi ba. A Mombasa karin kumallon da aka sani shi ne mahamri da mbaazi, wani wake da ke fitowa a ƙaramar bishiya, wanda ake dafawa da madarar kwakwa da albasa da ɗan barkono har ya yi kauri. Mai ci zai huda mahamri ta kusurwa ɗaya, ya cika kogon da waken, ko ya gutsura ya riƙa kwasa da shi. Ƙarancin zaƙinsa ne ya ba shi damar tafiya da abu mai gishiri. A wurinmu farin wake da aka dafa ya yi luguf, aka zuba masa matsar kwakwa ta biyu tun yana kan wuta da ta farko dab da saukewa, yana maye gurbin mbaazi sosai, haka kuma farfesu ko miyar ƙwai suna karɓarsa. Mandazi kuwa abokin shayi ne. Yana jure tsomawa a kofi ba tare da ya narke ba, yana riƙe ciki, kuma yaro zai iya cinye biyu a tsaye ba tare da wani mahaɗi ba. Wadda take neman abin da zai zama abinci a faranti, mahamri take nema. Wadda take neman abin taɓawa da za a saka a leda a tafi da shi, mandazi ne nata.

Wajen ajiya, dukansu sun fi daɗi a ranar da aka soya, amma ba tsufa ɗaya suke yi ba. Mahamri, saboda siririyar fatarsa, yana saɓewa idan ya huce, washegari kuma ya yi yauƙi yana ja, ko da yake ɗumama shi a kasko ko a tururi na ɗan lokaci yana dawo da laushinsa. Ɗanyar madarar kwakwa ma tana rage masa kwana a lokacin zafi. Mandazi mai bota da ƙwai yana iya yin kwana biyu ko uku a roba mai murfi, yana ƙara tauri a hankali amma bai fita daga ciyuwa ba. Akwai ma wani ɗan'uwansa mai ɓawo mai ƙarfi da ake sayarwa a ƙasashen can da sunan haf-keki, wanda aka yi shi musamman don ya daɗe a kanti. Wadda take tunanin sana'a, ta ba shago ko ta kai makaranta, wannan bambanci ya shafe ta kai tsaye: mandazi yana jure jira da ɗauka da matsi a leda, mahamri kuwa sai dai a yi shi bisa oda, ko a sayar a wurin da ake soyawa. Kowanne daga cikinsu za a ajiye, a bari ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba gumin tururi zai jiƙa shi ya jawo fumfuna. Dukansu suna kuma karɓar firiza.

Waswahili suna da wasu abubuwa biyu da za su iya shiga wannan zaɓi, musamman a watan azumi. Kaimati ƙananan dunƙule ne na kwaɓin yis mai ruwa-ruwa, ana jefa su a mai kamar fanke, sannan a juya su a cikin dafaffen sukari mai kadamon. Shi kayan zaƙi ne na buɗa-baki, ba abincin safe ba. Vitumbua kuwa da shinkafa ake yi, a jiƙa a markaɗa da madarar kwakwa da yis da sukari, a soya a kasko mai gurabe. Duk mai tanda a gida ta riga ta mallaki kayan aikinsa, domin waina ce da aka yi da kwakwa aka ƙara wa zaƙi. Su biyun suna da daɗi, amma ba su amsa bukatar wadda ke neman abin fulawa da za a murza a yanka ba.

Ra'ayina shi ne, wadda hannunta ya saba da yis, wato duk mai yin waina ko fanke ko alkubus, ta fara da mahamri. Abin da ke tsorata mutane a cikinsa, wato gane lokacin da kwaɓi ya tashi, ta riga ta iya shi, abin da ya rage mata sabo shi ne matsar kwakwa da siririn murzawa da watsa mai a kai, kuma waɗannan ba sa wuce gwaji ɗaya ko biyu. Shi ne kuma zai kawo mata ɗanɗanon da babu irinsa a cikin kayan fulawarmu, alhali mandazi na bekin foda bai yi nisa da bons da donot da ake samu a kowace unguwa ba, kuma wadda ta fara da shi tana iya cewa ashe abin da ake ta zuzutawa ke nan. Amma amaryar da ba ta taɓa kama yis ba, ko ma'aikaciyar da safiyarta a ƙididdige take, ko mai son kaya na sayarwa, mandazi ya fi dacewa da ita, kuma babu laifi ta zuba masa madarar kwakwa a madadin ta shanu da kadamon mai kyau, ta sami rabin ƙamshin bakin teku cikin awa ɗaya.

Akwai masu haɗa yis da ɗan bekin foda a kwaɓi guda don a rage jira. Yana yiwuwa, kuma yakan ba da abu mai laushi, sai dai cikinsa yakan fito a cike maimakon kogo. Wadda kogon take so, ta tsaya a kan yis kaɗai, ta kuma fara da rabin awo, wato fulawa giram 250 da rabin kwakwa, ta soya guda biyu kacal a zubin farko. Idan ba su kumbura ba, ta ƙara wuta kaɗan, ta kuma sake murza sauran su ƙara siranta kafin ta saka na gaba.